Darbil Mai Ganin Zafi da Bindigar Kawu

Ko na manta komai a duniyar nan, ba zan manta yammacin da na kusa raba Kawu da bindigarsa ba. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini sai na yi dariya, in gama kuma in yi istigfari.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife shi, ni ma a nan. Tun da ya ajiye aiki, ba abin da yake so irin fita daji harbin kurciya in lokacin farauta ya kama. Bindigar iska gare shi, da sunansa aka yi mata rajista, yana kiranta Hajiya. Rukhsar farautarsa kuwa, wato takardar izini, yakan sabunta ta tun kafin ya tuna da ta mota. Matsalar ɗaya ce, idonsa ya fara rauni. Sai ya saita, ya harba, kurciya ta waiwayo ta dube shi ta ci gaba da kiwonta. Ni ne mai kai shi, don tasi nake ja, kuma abin yana ba ni tausayi.

Wata rana a kasuwar gwanjo na ci karo da wani darbil, abin da mu a nan muke kiran madubin hangen nesa. Wannan ba irin na gilashi zalla ba ne. Batir yake ci, yana da ɗan allo a ciki, kuma zafin jiki yake gani. Mai sayarwa ya ce ko ɓera ne ya ɓuya a cikin ciyawa, zai fito fari tas. Ban yi wani dogon tunani ba na saya, na kai wa Kawu ina ta washe baki.

Ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Kai ɗan nan, an yarda da wannan kuwa? Je ka tambaya tukuna."

A nan na yi laifina. Mu 'yan Makka mun tashi da sanin cewa ba a farauta a cikin Harami, ko tattabarar masallaci ba a firgitawa. Saboda haka a kaina duk wani hani na farauta a iyakar Harami ya tsaya, da an wuce alamomin nan na bakin hanya shi ke nan. Sai na tari limamin unguwarmu bayan La'asar na ce, "Malam, in mutum ya fita iyakar Harami, ba ya cikin ihrami, ya halatta ya yi farauta?" Ya ce ya halatta. Ban ambaci darbil ba ko da wasa, kuma na san dalili: tsoron amsar nake yi. Na dawo na ce wa Kawu, "Na tambaya, an ce ba komai."

Ranar Asabar muka fita, muka wuce alamomin, muka yi nisa har wani kwari mai duwatsu inda Kawu ya saba zuwa. Muka shimfiɗa darduma, muka ɗora shayi. Na ɗauko darbil zan ɗaura a kan bindiga, Kawu ya janye ta. "Dakata. Ba za a ɗora wa Hajiya abin da ban ga kamun ludayinsa ba. Kunna mu gani."

Na kunna, na kanga a ido. Fari fat. Duwatsun nan sun wuni suna shan rana, kowanne ya fi kurciya zafi. Kawu ya karɓa ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce, "Masha Allah, na ga butar shayi. Da ma ita muka fito nema."

Kunya ta kama ni, na karɓe na shiga waige-waige da shi don in fita kunya. Can sai ga wani abu ƙato yana haske a bayan wani dutse. Na ce, "Kawu, wallahi barewa!"

"Barewa a nan? Ko ita ce ma, ai ba a taɓa ta."

"Tana da faɗi, Kawu. Tana motsi. Mu take nufowa!"

Kawu ya sa hannu ya kare rana, da idon nan nasa da na raina, ya ce, "Barewarka da tayoyi take tafe."

Motar jami'an kula da muhalli ce masu sintiri, zafin injinta nake gani. Su biyu suka sauko, suka yi sallama cikin ladabi. Babban cikinsu ya duba rukhsar Kawu da takardar bindiga, ya ce, "Komai daidai, ya ammi, Allah ya ba da sa'a." Ya ammi, wato baffa, haka ake girmama dattijo a nan. Har ya juya, sai ya lura da hannuna da na maƙale a baya kamar yaron da ya saci dabino.

Ya karɓi darbil ɗin, ya leƙa sau ɗaya, fara'arsa ta ragu. Ya ce wannan mai ganin zafi ne, kuma an hana farauta da shi, shi da mai ganin dare. Dabba ba ta da wurin ɓuya in ana ganinta ta cikin ciyawa da duhu, da haka ake share daji. Ya ce wanda aka kama yana aiki da shi, ana iya karɓe bindigarsa, a soke masa rukhsa, ga tara.

Ni kuwa da wautata na ce, "Amma ai mun fita Harami. Malam ya ce ba haramun ba ne."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Ya akhi, ɗan'uwana, ni ban ce haramun ba ne. Mamnu'i na ce, doka ce ta hana. Iyakar Harami daban, dokar farauta daban. Ita har bakin teku tana bin ka."

Na juya na kalli Kawu. Ya ɗora tafin hannunsa a kan Hajiya, yana shafa ta a hankali. Mutumin da bai taɓa harbi a wajen lokaci ba, ga shi zai rasa abu ɗaya da ke fitar da shi daga gida, saboda ƙaryata. Na ce, "Don Allah ka saurare ni. Nawa ne, ni na sayo. Ya ce in tambaya, na je na tambayi wani abu daban na dawo na ce an yarda. Ya ƙi ma a ɗaura shi. In akwai hukunci, ni za a yi wa."

Jami'in ya ɗauki bindigar ya duba samanta, babu alamar an taɓa ɗaura komai. Ya buɗe jakarmu, ko gashin tsuntsu babu. Ya tambaye ni me muka gani da shi tun da muka zo. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Butar shayi, sai ku. Ku ne barewa." Abokin aikinsa ya kwashe da dariya har yana dafa mota. Aka sa na yi alkawari a rubuce cewa ba zan sake haɗa darbil ɗin da bindiga a tafiya ɗaya ba, aka miƙa wa Kawu Hajiya. Sun ma zauna sun sha shayin.

A hanyar dawowa muka iso alamomin Harami. Muna wuce su ya gyara murya ya ce, "To, mun shigo. Kira malam ka tambaya mini, ya halatta in mare ka a nan, ko sai mun koma waje?" Nan muka fashe da dariya, na san an yafe mini.

A makon na kai shi wurin likitan ido, aka yanka masa tabarau, kurciyoyi suka daina raina shi. Darbil kuwa na ba ƙanena mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da shi yake gano wayar da ta ɗau zafi a tantunan Mina lokacin aikin Hajji, kuma ya ce bai taɓa samun kayan aiki irinsa ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi tambaya, ka kai ta wurin mai ita, kuma ka faɗe ta gaba ɗayanta. Malam bai yi kuskure ba, abin da na tambaye shi ya amsa. Ni ne na gutsure tambayar don in samu amsar da nake so, na kuma ɗora ta a wuyan dattijon da ya yarda da ni. Yanzu duk shekara in lokaci ya kama, sai mun karanta ƙa'idojin bana tare kafin mu ɗauko Hajiya. Kuma in na ce "na tambaya", Kawu yakan sauke tabarau ya ce, "Wa ka tambaya, kuma me ka ce masa?"