Ranar Da Huhuna Ya Sace A Guangzhou

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba, har wasu na tambaya ko na koma Kano ne ba sallama. Ban koma ba. Jinya na yi, kuma kunya ta fi ciwon hana ni magana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sani, ina yi wa 'yan kasuwa lodin kaya zuwa gida. Matata Hadiza ɗaliba ce a nan Guangzhou, tana karantar haɗa magunguna.

Kafin aurenmu na yi mata alƙawarin barin taba, kuma na bari. Bara wani mai shago a unguwar Sanyuanli ya miƙo mini sigarin lantarki da 'yar kwalbar ruwan da ake ɗura masa, mai ƙamshin mangwaro. Ya ce, "Laoban, wannan ba taba ba ce, tururi ne." Laoban shi ne maigida a bakinsu. Na zuƙa, ko ƙaiƙayi ban ji a maƙogwaro ba. Na ce wa kaina ai ban saɓa alƙawari ba, amma kuma a ƙasan jakar aiki nake ɓoye shi.

Bayan 'yan watanni zuciyata ta fara dukan uku-uku ina zaune. Hannu na rawa, tashin zuciya da safe, ga busasshen tari. Hadiza ta tambaya, na ce gajiya ce.

Wata Talata da hantsi muna ɗaure kwalaye a sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu, na yi tari sau ɗaya, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙirjin dama. Na ja numfashi, ya tsaya a rabi. Alhaji Bashiru, abokin aikina ɗan zangon Kumasi, shi ya ciccibe ni zuwa taksi yana ta cewa, "Sani, kalle ni, kar ka rufe ido."

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji da jini. Hadiza ta baro aji a guje, ita ta zama tafinta don Sinancinta ya fi nawa. Likitar, wata dattijuwa, ta nuna hoton ta ce huhun dama ya sace kamar tayar da ta taka ƙusa. Sannan ta tambaya ko ina shan taba.

"Meyo," in ji Hadiza da ƙarfinta, wato babu.

Na kamo bakin mayafinta. "Hadiza, ki ce mata akwai. Duba jakata."

Ta ciro kwalbar, ta karanta jikinta, ta fassara wa likita komai muryarta ko rawa ba ta yi. Ni kuwa ba ta kalle ni ba.

Aka huda tsakanin haƙarƙarina aka sa bututun roba, aka haɗa shi da wata gora mai ruwa da ke ɓulɓuli duk sanda na yi tari. Kwana tara ina jan gorar nan har banɗaki. Kullum da safe awon zazzaɓi, hoton ƙirji, da hura balan-balan don huhun ya buɗe. Kuɗin asibiti ya tafi da guzurinmu na zuwa gida sallah. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na yi tunanin a kai gawata Kano cikin akwati kamar kayan da nake lodi.

Kwana biyu Hadiza na ba ni kunu a baki, tana goge mini fuska. A na uku ta zauna bakin gado.

"Yaya Sani, ka san abin da ka sha? Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, in zalla ne yana ƙona maƙogwaro, tarin da yake sa ka shi ke tsayar da kai. Sai suka haɗa shi da wani sinadari mai tsami ya zama abin da ake kira gishirin nikotin. Ya yi laushi, ka zuƙi mai yawa jikinka bai yi maka gargaɗi ba."

Ta ce a China doka ta ƙayyade ƙarfin nikotin, ta kuma hana sayar da mai ƙamshin 'ya'yan itace a cikin ƙasa. Nawa na fitarwa ƙasashen waje ne da ya zurare ta bayan fage, ba wanda zai ce ga abin da ke ciki.

Sai ta fashe da kuka. "Ba shan ne ya fi ƙona mini rai ba. Ka bar ni na yi wa likita ƙarya a kan ranka."

Na nemi gafararta. Ta ce ta yafe tun a taksi da take ta addu'a a hanya, ba ta ma san laifin ba.

Likita ta gaya mini gaskiya: dogaye sirara irina huhunsu kan sace ko ba shan komai, amma abin da nake zuƙa ya taimaka, kuma in na koma zai iya maimaitawa.

Barin abin ya fi zama da bututun nan wahala. Makonni ina masifa ba dalili, Hadiza na cusa mini dabino da citta a aljihu. Da Umma ta ji labari ta waya ta ce, "Sani, huhun nan ni na ɗauke shi wata tara, ban ba ka izinin lalata shi ba."

Alhamdulillahi, hoton ƙarshe ya fito fes.

Shawarata: in abu bai ƙona maka maƙogwaro ba, ba shi ne ya zama lafiyayye ba. Kar ka sayi kwalbar da ba ka san asalinta ba. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi ba na jira ba ne, tafi asibiti. Ka gaya wa likita gaskiya, ka gaya wa na gida kafin likita. Mai son barin taba ya nemi taimakon asibiti.

Na gode wa Allah, na gode wa Alhaji Bashiru, da ɗaliban Nijar da suka riƙa kawo tuwo, da ma'aikatan jinya da na iya ce wa "sheshe" kawai, wato na gode.

Hadiza kuma, jiya muka hau bene hawa shida tare. Ita ta riga ni fara haki, ta tsaya ta dafa ni tana dariya.