Ciyawar La'asar ta Habu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Habu, taubashina, Allah Ya jiƙan sa. Mun yi zaman tsiya da shi a ƙauyenmu na kusa da Waca, rabin tsiyar kuma a kan ciyawa ne.

Kowa da sanyin safiya yake yankan ciyawa, ban da Habu. Sai an yi la'asar yake ɗaukar lauje. Na sha ce masa lalaci ne kawai ya samo wa suna. Shi kuwa sai ya karyo karan kyasuwa ya miƙo mini in tauna. A cewarsa, rana ce ke dafa wa ciyawa zaƙi, ta wuni tana tarawa, dare ya yi ta cinye abinta. Ta safe ruwa ce zalla. Na tauna ta safe, na tauna ta yamma, na ji bambanci, amma taubashi ba ya amsa laifi.

Yau da zai leƙo, ban san me zai ce ba. Gonaki sun cinye makiyaya, masu yankan kuɗi kuma ba sa jiran la'asar, gara su cika amalanke tun da safe su nufi Magarya.

Bana bazara ta yi tsawo. Saniya ɗaya ta rage wa Mariya, matar da Habu ya bari, nononta ne cefanen gidan. Saniyar ta rame har dillalai sun fara zagaye, aka ce a sayar tun tana iya tsayawa. Ingiricin da aka sayo, sai ta shinshina ta kau da kai. Ɗansa Lawali ya hau rumfa ya sauko da wanda ya yanka da kansa tun kaka, kullum bayan la'asar.

"Baba, in ta ƙi wannan, gobe a kai ta kasuwa," ya ce da ni.

Ta sa baki, ba ta ɗago ba sai da ta share. Da shi ta kai damina. Rannan na yi kewar Habu ƙwarai.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Habu bai bar gidan siminti ba, bai bar garke ba. Amma har yau Mariya da nonon saniyarta take dama fura, ba ta roƙi kowa ba.