Hujin Kunnen Bijimina

Shekarun baya, lokacin da gyaɗa ke da daraja, na sayi bijimi a kasuwar Urafane da abin da na samu a nomana na farko. Ina ji da shi kamar ɗan fari.

Sai ga masu allurar bushiya, cutar nan mai share garke, sun sauka garinmu. Duk dabbar da suka yi wa, sai su huje mata kunne da wani ƙarfe, shaida ke nan. Mai gari ya ce dokar ba ta Yamai kaɗai ba ce, ƙasashe ne suka haɗa kai suka kafa ta. Mahaifina ya taɓe baki ya ce, "Dokar da ba ta da uba guda, in ta cuce ka, wa za ka kai ma kuka?" Ni ma hankalina bai kwanta ba, don ana ta raɗe-raɗin allurar tana kashe ƙarfin sa. Na ɓoye nawa cikin gonar dawa har suka tafi.

Tun kakanni mun san abu ɗaya: in hukuma ta matsa a nan, ka tsallaka ƙasar Katsina ka sha iska. Da aka ce za su dawo su kama duk dabbar da ba ta da shaida, sai na yi wayo irin nawa. Na ɗauki aska na tsaga wa bijimina kunne yadda muke yi wa dabbobin gidanmu, na kora shi kudu wurin kawuna.

A bakin iyaka wani ma'aikacin dabbobi na can ya kama kunnen ya duba, ya fashe da dariya.

"Samari, wane wanzami ya yi wanga aiki? Namu huji ne, kai kau ka yi mashi tsagar gado."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai nan ba Nijar ba ce."

Ya ce, "Ƙarfen guda ne, daga nan har Cadi."

A gabana aka kayar da bijimin, aka soka masa allura, aka huje ɗaya kunnen. Haka na koro shi gida, kunya kamar in nutse.

Bai mutu ba, ƙarfinsa kuma bai ragu ba, wannan ba zan ɓoye ba. Amma har yau in na ji a rediyo an ce ƙasashe sun zauna sun amince da wata doka, gabana yakan faɗi. An ce haɗin kai hanya yake buɗewa. Ni dai farkon gamona da shi, hanyar gudu ya toshe mini.