Ruwan Rijiyar Surko

Jiya motata ta yi zafi a Surko, wata mata ta bugo min ruwa a famfon tuƙa-tuƙa. Sai na tuna da marigayi Alhaji, ɗan majalisar jiha da na yi wa direba.

Duk ƙauyen da muka shiga, kafin a fara jawabi sai ya ce a kawo masa ruwan rijiyarsu. Ba ya taɓa na robar da ke cikin mota. A nan Surko aka kawo masa a ƙwarya, jajawur, yana warin laka. Mai unguwa ya ji kunya, ya ce, "Ranka ya daɗe, bari a samo maka na leda."

Alhaji ya ce, "Baba, jikokinka wanne suke sha?" Ya shanye, ya goge gemunsa.

Cikinsa ya ɓaci sosai. Ya yi ta kai maganar rijiyar nan zauren majalisa a Dutse har ya faɗi zaɓe. Sai bayan rasuwarsa aka haƙa famfon, da sunan wani a jikin allon da aka kafa a wurin.

Na fara sha kafin in zuba wa motar. Ruwan garau yake, da sanyi. Allah Ya shayar da Alhaji daga Alkausara.