Ranar da Inna Ta Koya wa Lokotoro Gyaran Kifi

Cikina yana wata huɗu ciwon ya fara. Da na ci abu mai maiƙo sai wani abu ya soke ni ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya hau har kafaɗa, in yi ta amai kamar zan fitar da hanjina. Kafin wannan cikin na yi ɓari sau biyu, saboda haka duk sanda ciwon ya taso ba kaina nake ji ba, tsoro nake ji kada na ukun ma ya bi 'yan'uwansa.

A babban asibitin Diffa aka yi mini eko, wato hoton ciki, aka ce ɗa lafiyarsa lau, matsarmamata ce ta cika da tsakuwa. Na sha magani, na bar mai, na bar tattasai, wanda a garinmu barinsa kusan barin abinci ne gaba ɗaya. Ciwon bai san na yi wannan sadaukarwa ba. Da cikin ya shiga wata biyar sai aka yi sa'a wasu likitoci suka zo daga Yamai da na'ura, suka ce yanzu ne lokacin da ya fi dacewa a cire matsarmamar, kafin cikin ya ƙara girma.

Sai Inna ta iso. Inna mahaifiyata ce, ni ce 'yar farinta, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yi zancen cikina. Kunya ta hana. Ina zaune gabanta za ta ce, "A tambaye ta ko ta ci abinci." Sana'arta kuwa bandar kifi. Shekara talatin tana feɗe kifi a Bosso kafin tashin hankali ya koro mu Diffa, kuma a duniya babu abin da ta tsana kamar mai gaggawar wuƙa. In matsarmama ta fashe a cikin kifi, ɗacinta ya shiga naman ke nan, ko da ruwan Komadugu duka aka wanke shi ba ya fita.

Lokotoron, wato likitan da zai yi aikin, saurayi mai haƙuri, ya zaunar da mu ya yi bayani. Ba za a tsaga ciki ba. Ƙananan huji huɗu za a yi, a hura iska, a zura kamara, yana kallon talabijin yana aiki.

Inna ta gyara mayafi. "Ɗana, kana kallon tele kana riƙe da wuƙa?"

"Mama, a telen nake ganin cikin."

"Ka taɓa gyara tarwaɗa?"

Ya ce bai taɓa ba. Inna ta dube ni, ta dubi mijina, irin kallon da ke cewa ga wanda kuka samo. Daga nan ta miƙa hannu ta ɗauki bironsa ta mai da shi wuƙa, ta shiga karatu. A kama matsarmama daga wuya, ba daga ciki ba. Kada a ja, a lallaɓa. In ta manne da hanta, a haƙura a yanko da ɗan hanta, asarar hanta ta fi asarar kifi. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina kwance tsakanin rai da mutuwa, uwata tana lissafa ni cikin kayan banda.

Lokotoron ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mama, ban da yanko hanta, kusan haka muke yi."

"In an ciro, a kawo mini in gani. Duk yarinyar da ta yi mini aiki, sai ta nuna mini ita a tafin hannu, ɗungum."

Da safe aka shiga da ni. Na farka bakina a bushe, kafaɗata tana ciwo saboda iskar da aka hura, cikina da filasta huɗu kamar an yi wa tayar keke faci. Ungozoma ta ɗora abin saurare, sai ga bugun zuciya, kit-kit-kit, yana sauri kamar mai gudun kada a rufe kasuwa. Na fashe da kuka. Inna tana bakin ƙofa ta ba mu baya, wai tana duban wata bishiya.

Da rana aka kawo mata 'yar kwalba, da tsakuwa a ciki masu launin ƙasa. Ta juya ta, ta girgiza.

"Ina jakar?"

Aka kira lokotoron. Ya ce ya ciro ta lafiya, a waje ya tsaga ta, a kan faranti, don ya fitar da tsakuwar.

"A waje," in ji Inna. "Haka dukansu suke cewa."

Wata huɗu cur Inna ba ta ƙara tayar da zancen ba, amma ba ta koma ɗakinta ba. Ta tare a gidanmu, tana dafa mini miya ba mai ba yaji, tana aiko da saƙo ta bakin mijina alhali muna tabarma ɗaya. Masu zuwa dubiya suna neman ganin ɗinki, in nuna musu ɗigo huɗu, su tafi suna cewa 'yan boko da raki, ƙurji ma sai su ce tiyata. Ita kuwa in ɗan ya motsa har zanena ya ɗaga, sai in kama ta tana satar kallo, bakinta yana motsi. Kwalbar tana ƙulle a bakin zanenta tare da goro.

Da hantsi na haihu, namiji. Aka goge shi, aka naɗe, aka miƙa wa Inna. Ban ji ta yi guɗa ba, ban ji ta yi masa tsiyar kaka da jika ba. Ta kai shi jikin taga wajen haske, ta buɗe tafin hannunsa, ta sa harshe ta lasa. Ta ɗaga kai tana taɓe baki kamar mai ɗanɗana miyar baƙi. Ta sake lasar goshinsa. Ungozoma ta saki baki tana kallon ta.

Ni dariya ta kama ni, cikina yana ciwo, sai na ga Inna ba wasa take yi ba. A lokacin na gane wata huɗun nan da me take kwana da me take tashi, ita kaɗai, ba ta da bakin faɗa mini.

Ta juya wajen ungozoma, hawaye har haɓa, ina kwance taku biyu daga inda take.

"A gaya mata," ta ce, "babu ɗaci."