Minti uku aka sa mani

Shekarun baya, bayan na fito daga hannun 'yan bindiga, na bar Karare na koma cikin garin Batsari. Kwana arba'in na yi a daji. Ba wannan zan faɗa ba.

Kafin a ɗauke ni, babu mai cinye ni a dara a garinmu. Da na dawo ban ƙara zama bakin gurbi ba. Tsoro nake ji in zauna a gane kaina ya taɓu.

Abokina tela ne. Shi ya sa mani ces a waya, darar Turawa, ya nuna mani tafiyar doki da ta sarki. Da kwamfutar cikin wayar ake bugawa, ita kuma ta ba ka lamba gwargwadon ƙarfinka. Ban yi boko ba, amma na san lamba. Na ce wannan za ta gaya mani gaskiya ba tare da 'yan kallo ba.

Wata biyu lambata ba ta wuce ɗari shida ba. Ina cikin tunani sai wayar ta yi ƙara, wai an cinye ni. Ta abokina kuwa ta haura dubu. Mutumin da nake cinyewa a dara ina ɓarar gyaɗa.

"Tsoho, sai haƙuri," in ji shi. "Wannan ba ta 'yan ƙauye ba ce."

Na yi dariya. A raina na ce shi ke nan, kan ya tafi.

Ran kasuwa surukinsa, malamin makaranta a Safana, ya zo karɓar ɗinki. Ya duba wayoyin biyu.

"Baba, kai minti uku aka sa maka, lokaci ke kashe ka. Shi rabin awa yake bugawa. Lambar gajeren wasa daban, ta dogo daban. Ita kanta kwamfutar in aka matse mata lokaci ƙarfinta raguwa yake."

Na dubi tela. Ya sunkuya yana neman allurar da ke hannunsa.

"Wallahi haka na danna, ban lura ba."

Malam ya mayar mani rabin awa. Kafin a girbe gero na wuce tela.

Wata Juma'a bayan la'asar na tafi gindin darbejiya wurin 'yan dara, na ce a matsa mani. Wasan farko aka cinye ni. Na biyu na rama.

Har yau ba ni da sauri, da ma ban taɓa yi ba. Abin da ke ba ni kunya, wata biyu na yarda da lamba ban tambayi da me ta auna ni ba. Tela kuwa in ya gan ni da waya sai ya ce mu gwada ta minti uku. Ban taɓa yarda ba.