Ranar da Kawu Mani Ya Yi Murnar Faɗuwa Canki

Mun cika zauren Malam Bello ma'aikacin kwastan, don a shekarun tamanin shi kaɗai ke da talabijin a layinmu na Illela. Shirin ɗan sandan ciki ake nunawa, an kashe wani attajiri, kowa yana cankar mai laifi.

Kawuna Mani, wanda ke shigo da atamfa daga Konni ta hanyar da ba kwalta, ya nuna direban mamacin.

"Wanga shi na. Ku dibi yadda yaka rusuna ma ɗan sanda. Mai kaya ɓoye shi ka yawan gaisuwa."

Malam Bello ya juyo a hankali. "Mi kac ce, Mani? Duk garin ga ba mai gaishe ni kamar kai. In direban na, gobe sai na kwance buhunanka."

Nan Kawu ya koma yi wa direba addu'a ƙasa-ƙasa. Da aka kama matar attajirin, ya miƙe yana tafi.

"Ai na gaya muku, yaron ga tarbiyya gare shi."

Har ya tsufa yana rantsuwa ba a taɓa shiri mai adalci irin wannan ba. Ku a gidan wa kuke kallo lokacin?